Faranti, Ƙwarya Ko Komi: Wace Siffa Ta Dace Da Mai Son Sauraron Sama?

A ce malaman fiziks na wata kwaleji da ɗalibansu sun ƙudiri haɗa na'urar hangen sama ta rediyo, wato wadda ke kama igiyoyin rediyon da rana da taurari da iskar da ke tsakaninsu ke fitarwa. Kuɗin hannu bai taka kara ya karya ba. A bayan gidan wani dattijo akwai tsohon dish irin na da, babba mai raga, faɗinsa mita 2.4, kaji na kwana ƙarƙashinsa. A kasuwa kuma ga sabon ƙaramin faranti na santimita 90, irin wanda ke manne a bangon gidaje, mai kunne a ƙasa, wato abin da ke karɓar siginar da faranti ya tara. Wani ɗalibi ya ga hoton katafariyar na'urar FAST ta ƙasar Sin, ya ce a haƙa rami kawai a shimfiɗa masa raga. Wani ya ce ai mutanen Kanada komi suka yi, ba faranti ba. To wanne za a ɗauka?

Ni dai tsohon dish ɗin nan zan ce a ɗauko, muddin abin da ake nema shi ne iskar haidirojin da ke cikin gungun taurarinmu, wato tarin taurarin da ranarmu take ciki, wanda shi ne aikin da yawancin masu farawa ke sa a gaba. Sai dai manyan cibiyoyin da ake ginawa a yau suna kauce wa wannan siffa, kuma da hujjarsu. Sai mutum ya san hujjar kafin ya gane dalilin da ya sa ba ta hau kansa ba.

Zango ne ma'auni, ba mita ba

Duk wanda ya taso yana murɗa rediyo ya san mita 16 da mita 19 da mita 25 na gajeren zango. Waɗannan lambobi tsawon igiyar ne da kanta, wato zangonta. Haidirojin da ke warwatse tsakanin taurari yana magana ne a kan santimita 21, wato megahaz 1420. Tashoshin talabijin da ƙananan faranti ke kamawa kuwa suna zuwa ne a kan wajen santimita 2 da rabi. Igiyar rediyo da tsawonta take auna faranti. Farantin santimita 90, a wajen siginar talabijin, ya ɗauki zango 36, ƙato ne. Shi ɗin dai, a wajen haidirojin, zango 4 ne da 'yan kai, ya koma murfin tukunya. Tsohon dish mai mita 2.4 zango 11 ne. Wannan lissafi shi kaɗai ya kusa raba gardama, kuma duk abin da zai biyo baya a kansa ya ginu.

Faɗin nan ke yanke abubuwa biyu. Na farko yawan siginar da ake tarawa: faɗi ya ninka biyu, fili ya ninka huɗu, saboda haka mai mita 2.4 ya fi mai santimita 90 tarawa sau 7. Na biyu kaifin gani. A ƙiyasce, faɗin yankin da faranti ke kallo a sama shi ne 70 sau tsawon zango, a raba da faɗin faranti. Mai mita 2.4 yana ganin digiri 6 a haɗe, mai santimita 90 kuwa digiri 16. Don a kwatanta, wata ɗan sha huɗu rabin digiri ne kacal.

Aikin siffar farabola, wato lanƙwasar da ake yi wa kusan kowane dish, shi ne ta sa duk igiyoyin da suka taso daga wuri ɗaya su yi tafiya mai tsawo ɗaya, su iso matattara a tare. Kamar masu tura mota ne: in suka tura a lokaci guda ta motsa, in wani na turawa wani na ja an yi aikin banza. Inda faranti ya lotsa ko ya kumbura, igiyar da ta faɗo wurin za ta iso a makare ko da wuri. Wani injiniya mai suna John Ruze ya fitar da lissafin asarar, kuma har yau da shi ake aiki. In matsakaicin kuskuren fuskar faranti ya kai kashi 1 cikin 16 na zango, kusan rabin siginar ya tafi. In kashi 1 cikin 20 ne, ana asarar kusan sulusi. In kashi 1 cikin 40 ne, asarar kashi 10 cikin 100 ce kawai. A santimita 21, kashi 1 cikin 40 rabin santimita ne, abin da mai walda mai hankali zai iya kiyayewa. Shi ya sa tsohon dish da ya sha jifan yara har ya daina kama talabijin da kyau yana nan daram a wajen haidirojin. A ɗaya gefen kuma ga na'urorin ALMA 66 da ke kan tsaunukan Chile, masu sauraron zangon da bai kai milimita ɗaya ba, waɗanda dole fuskarsu ta yi daidai har zuwa maikuron 25, ƙasa da kaurin silin gashi.

Mai kunne a tsakiya

Wannan ita ce siffa ta asali. Grote Reber, wanda ya fara gina irin wannan na'ura a bayan gidansu a jihar Illinois ta Amurka a 1937, farantin da ya yi ya ɗan haura mita 9, kunnen na rataye a gabansa. Haka na'urar Lovell ta Ingila mai mita 76, wadda ta fara aiki a 1957, da ta Parkes a Ostireliya mai mita 64, ta 1961. Daɗinta shi ne ko'ina ɗaya ne: haƙarƙarin dama kamar na hagu, nauyi ya rabu daidai, kuma inda faranti ya fuskanta nan yake kallo, babu wani lissafi.

Abin da ya kamata a fara aunawa a irin wannan faranti shi ne zurfinsa. A ɗaura zare daga baki zuwa baki, a auna daga zaren zuwa tsakiyar gindin. Nisan matattara shi ne faɗi sau faɗi, a raba da 16 sau zurfi. Faɗi santimita 240, zurfi 40, matattara tana santimita 90 daga gindi. In aka raba 90 da 240 za a sami 0.375, kuma wannan lambar ce ke faɗa maka irin kunnen da za ka ƙera. Daga matattara, wannan faranti ya cika digiri 135 na abin da kunne ke gani. Da ya fi haka zurfi har lambar ta sauko 0.25, da kunnen yana daidai da bakin faranti, an rufe masa ƙasa gaba ɗaya. Da zurfinsa ya ragu har lambar ta kai 0.6, da kunnen zai gan shi a digiri 90 kawai.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Saboda babbar abokiyar gabar mai sauraron sama ita ce ƙasar da yake tsaye a kai. Duk abu mai ɗumi yana fitar da hayaniyar rediyo. Ƙasa da bango da bishiya suna wajen digiri 300 a ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga matuƙar sanyi, sararin sama kuwa a santimita 21, inda babu komai, 'yan digiri ne da ba su kai 10 ba. Kunnen da ke tsakiya bayansa ya ba sama, fuskarsa na kallon faranti, kuma abin da ke bayan farantin ƙasa ce. Duk abin da ya tsallake bakin faranti, zafin ƙasa yake kwasowa. In kashi 10 cikin 100 na jinsa ya zube waje, ka ƙara wa na'urarka digiri 30 na hayaniya, wanda zai iya kai duk hayaniyar da amfilifaya mai kyau, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ke yi da kanta. In kuma ka matse jin kunnen ya tsaya a tsakiya don gudun ƙasa, ka bar gefen faranti yana zaman banza, ka sayi mita 2.4 kana amfani da mita 1.8. Gaba damisa, baya siyaki. Sulhun da injiniyoyi suka saba yi shi ne jin kunne a bakin faranti ya sauko zuwa kusan kashi 1 cikin 10 na jinsa a tsakiya. Ga faranti mai 0.35 zuwa 0.4, gwangwani mai faɗin santimita 15 da ɗan sandar tagulla a ciki, in aka zagaya masa zobe a baki, yana kusan cika wannan sharaɗi. Wannan babbar sa'a ce ga mai ƙaramin ƙarfi, domin yawancin tsofaffin dish a wannan zurfin aka yi su.

Laifin wannan siffa biyu ne, kuma su ne hujjar manya. Kunne da ƙafafun da ke riƙe da shi suna yi wa faranti inuwa, suna kuma watsa sigina, har na'ura ta riƙa satar jin abin da ke gefe, kamar hasumiyar waya ko rada. Sannan akwai amsa-kuwwa: sigina na kai-komo tsakanin kunne da gindin faranti, ya bar wani tudu-da-kwari a cikin sakamakon, wanda zai iya kama da abin da ake nema. To amma a duba girman matsalar. A na'urar Effelsberg ta Jamus, mai mita 100, matattara tana mita 30 daga gindi, tudun yana maimaituwa duk megahaz 5, wato kusa da faɗin siginar da masana ke farauta. A farantinmu mai matattara a santimita 90, sai an yi megahaz 167 kafin ya maimaitu, alhali duk haidirojin gungun taurarinmu bai cika megahaz 2 ba. Ba za ka ma gan shi a matsayin tudu ba, ɗan karkata ne kawai da kwamfuta ke cirewa. Inuwar kunnen kuma, ko da zobensa ya kai santimita 40, ba ta kai kashi 3 cikin 100 na filin faranti ba. Ciwon manya ne, bai kama yara ba.

Mai kunne a gefe

Ƙaramin farantin bango yanki ne da aka yanko daga gefen wata babbar farabola, shi ya sa kunnensa ke ƙasa, ba ya tare hanya. Shi ya sa kuma yake kamar yana kallon katangar maƙwabci alhali sama yake kallo, da digiri 20 da ɗoriya fiye da yadda ido ke nunawa. Babu inuwa, amsa-kuwwa ta ragu ƙwarai, satar ji ta gefe ta yi ƙasa. In kunnen na ƙasa yana kallon sama-sama, wani ɓangare na abin da ya tsallake baki ma sararin sama mai sanyi yake faɗawa.

Babban misalinta shi ne na'urar Green Bank a jihar West Virginia, wadda aka kammala a shekarar 2000 bayan tsohuwar na'urar wurin mai ƙafa 300 ta rushe a Nuwamban 1988. Faɗinta mita 100 ne a mita 110, an yanko ta ne daga farabola mai mita 208. Amma a dubi abin da aka biya. Effelsberg, mai faɗi kusan ɗaya da ita, tan 3,200 ce. Green Bank ta kai tan 7,600, domin wani ƙaton hannu da ke riƙe da kunnuwa ya karkata gefe ɗaya, dole a yi masa ginin da zai ɗauke shi. Effelsberg, da yake ko'ina ɗaya ce, an yi mata wata dabara: an tsara ƙarafunta yadda in nauyi ya lanƙwasa ta, daga farabola take komawa wata farabolar, sai a matsar da kunne ya bi sabuwar matattara. Green Bank kuwa fale-falenta 2,004 ne, kuma injuna 2,209 ke gyara musu zama duk lokacin da ta sunkuya ko ta ɗaga.

Akwai wani aibi da masu ɗaura dish za su gane da sauri. Sun san sigina na zuwa iri biyu, abin da suke kira H da V, na kwance da na tsaye. Farantin gefe mai madubi ɗaya yana ɗan cakuɗa su, kuma masu nazarin maganaɗisun sararin samaniya da wannan bambancin suke aiki. Maganinsa shi ne a ƙara madubi na biyu a karkace yadda zai warware cakuɗar da na farko ya yi. Haka aka yi wa MeerKAT ta Afirka ta Kudu, faranti 64 masu mita 13.5 a hamadar Karoo, waɗanda aka ƙaddamar a 2018, kuma irin wannan siffa ce aka zaɓa wa faranti masu mita 15 na babban aikin SKA da ake ginawa a wurin. In kana da faranti da yawa da za su haɗa hoto ɗaya, tsabtar gani ta fi komai, domin ƙazantar kowane ɗaya tana shiga hoton.

Ga ɗalibanmu fa? Farantin gefe da ake samu a kasuwa ƙarami ne, zango 4 kacal, kuma marar zurfi ne, lambarsa wajen 0.6. Yana bukatar kunne mai matsattsen ji, kuma a santimita 21 wannan na nufin ƙaho mai girman bokiti, rataye a siririn hannun da aka yi don LNB, wato ɗan kunnen da ke zuwa da farantin talabijin. Ban ce ba za a ji haidirojin da shi ba, ana ji, amma a dushe. Inda ya fi kowa shi ne a kan zangonsa na asali. Da LNB ɗinsa da ƙaramar mitar neman sigina, a rana ɗaya ɗalibai za su juya shi su kama rana, su ga allura ta tashi, su juya shi ga bango ta tashi, mutum ya gifta ta gabansa ta motsa saboda ɗumin jikinsa. Wannan hayaniyar ranar ce ke ɗauke hoton talabijin na 'yan mintoci wajejen Maris da Satumba, lokacin da rana ke bi ta bayan tauraron ɗan Adam. Don haka a saye shi, ai ba shi da tsada, amma a matsayin allon koyon karatu.

Madubi biyu

Siffofin Kasgiren da Giregori duk dabara ɗaya ce: a sa ƙaramin madubi kusa da matattara ya maido da sigina baya. Na Kasgiren mai doro ne, yana zama kafin matattara. Na Giregori mai rami ne, yana zama bayanta. Riba a bayyane take. Kunne yanzu sama yake kallo, abin da ya tsallake ƙaramin madubi sanyin sama yake ɗebowa maimakon zafin ƙasa. Kayan karɓar sigina, da injin sanyaya su, suna zaune a gindin faranti inda ma'aikaci zai kai hannu, kuma ana iya jera kunnuwa da yawa a riƙa sauyawa. Faranti 27 masu mita 25 na VLA a New Mexico haka suke, har ma an ɗan kauce wa ainihin farabola a madubansu biyu don sigina ya bazu daidai a duk fili. Na'urar Kuntunse da ke kusa da Akara a Ghana, tsohon farantin sadarwa mai mita 32 da aka mayar na binciken sama aka ƙaddamar a 2017, ita ma mai madubi biyu ce, tana sauraro a gigahaz 5 da 6.7.

Sai dai ƙaramin madubin ma da zango ake auna shi. In bai kai zango 5 zuwa 10 ba, igiya zagaye shi take yi maimakon ta dawo. A santimita 21 mafi ƙanƙanta ya haura mita 1. Ka ɗora shi a gaban faranti mai mita 2.4, ya rufe kusan kashi 1 cikin 5 na filin, kuma tsakiya ce ya rufe, inda aka fi tara sigina. Wannan siffa ta masu faɗin zango 50 ce zuwa sama. A wuce ta.

Ƙwaryar da aka binne

Maganar ɗalibin da ya ce a haƙa rami ba shirme ba ce, tana da tarihi. Arecibo ta tsibirin Puerto Rico, mai mita 305, an shimfiɗa ta ne a cikin wani kwari a 1963, kuma ba farabola ba ce, ɓarin ƙwallo ce. Dalili kuwa, farabola fuska ɗaya take kallo da kyau, in ka kauce daga tsakiyarta gani ya lalace. Ƙwallo ko ta ina ka dube shi ɗaya ne, don haka ƙwaryar na zaune, kunne ne ke yawo a samanta. Abin da aka biya shi ne ƙwallo ba shi da matattara ɗaya: igiyoyin gefe suna haɗuwa a ƙasa, na tsakiya a sama, a kan dogon layi. Sai da aka ƙera kunnuwa masu kama da sanda, ɗaya daga ciki tsawonsa mita 29, kuma kowanne ɗan siririn zango kawai yake ji. A 1997 aka rataya wata ƙubba mai madubai biyu a ciki don gyara wannan aibi. Dandamalin da ke ɗauke da kayan ya kai tan 900, kuma shi ne ya faɗo kan ƙwaryar ranar 1 ga Disamba 2020 bayan igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da shi sun tsinke.

Sinawa da suka gina FAST a lardin Guizhou, mai mita 500, wadda aka kammala a 2016, sun bi wata hanya. A zaune ƙwallo ce, amma injuna 2,225 suna jan fale-falenta 4,450 daga ƙasa, su mayar da yanki mai mita 300 farabola a daidai inda ake kallo, yankin yana tafiya yadda tauraro ke tafiya. Saboda haka ɗakin kunnenta tan 30 ne kawai, a rataye da igiyoyi 6. Abin lura, su kansu sun koma wa farabola.

Ko da an warware wannan, ƙwaryar ƙasa saman kanta kawai take gani. Arecibo, kafin ta rushe, digiri 20 take iya kaucewa daga tsakar ka, FAST digiri 40. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Cibiyar gungun taurarinmu tana digiri 29 kudu, don haka ko a lokacin da ta fi ɗagowa, tana digiri 41 daga tsakar ka. Mai rami a Kano ya rasa wurin da ya fi kowane daɗin kallo. Kuma ramin da aka yi masa siffar ƙwarya mai mita 2.4, in aka gwada shi da farabolar da muka auna, a baki ya kauce da kusan santimita 6, fiye da rubu'in zango. Matsar da kunne na rage asarar, ba ya kawar da ita. Ba a ma zo maganar ruwan Agusta da zai mayar da shi kududdufi ba. Ƙwarya tana biyan kuɗin sabulu ne kawai idan faranti ya yi girman da ba ƙarfen da zai iya juya shi.

Komi da ƙaho

Komi, wato siffar ganga da aka tsaga biyu a tsaye, farabola ce ta fuska ɗaya, miƙaƙƙiya ta ɗaya fuskar. Tana tara sigina a kan layi, sai a jera ƙananan kunnuwa a tsawonsa. CHIME ta Kanada komi 4 ce, kowanne mita 20 a mita 100, da kunnuwa 1,024, babu abin da ke motsi. Tana ganin dogon zirin sama daga arewa zuwa kudu, juyawar duniya na kawo mata sauran, shi ya sa jerin farko da ta fitar a 2021 ya ƙunshi fiye da 500 na walƙiyar rediyon nan mai ɗan ƙiftawar ido da ke zuwa daga nesa. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Ooty a kudancin Indiya, ta 1970, mai mita 530 a mita 30. Garin yana digiri 11 arewa, sai suka nemi gangaren tsauni mai karkatar digiri 11, suka shimfiɗa komin a kai, ya zama yana layi ɗaya da sandar da duniya ke juyawa a kai. Juyi ɗaya tak ya ishe shi bin tauraro. Zariya ma a digiri 11 take, in wata rana wani ya yi sha'awa.

Lanƙwasa komi ya fi lanƙwasa faranti sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma wahalar da aka sauke wa mai walda an ɗora wa mai haɗa lantarki ne. Kowane kunne da amfilifayarsa, kuma dole a haɗa su ƙafa ɗaya, ko ta wayoyi masu tsawo daidai ko ta kwamfuta mai ƙarfi. Ga sashen da ke da amfilifaya ɗaya da ɗan abin karɓar sigina ɗaya na sakawa a kwamfuta, wannan aikin shekara ta uku ne.

Ƙaho kuwa bai kamata a raina shi ba. Da ƙaho ne masana Ewen da Purcell suka fara jin haidirojin a jami'ar Harvard a 1951. Na'urar Holmdel ta New Jersey, wadda Penzias da Wilson suka gano ɗumin farkon halittar sararin samaniya da ita a 1965, yankin farabola ce ta gefe da aka rufe da bangon ƙaho. Bangon ya kare ta daga ƙasa ƙwarai, har da suka ga rarar digiri 3.5 suka tabbata ba daga ƙasa take ba, bayan sun kori tattabarun da suka yi sheƙa a ciki sun share kashinsu. Ƙahon kwano ko na allo da aka liƙa wa takardar alminiyam, mai bakin da bai kai mita 1 ba, yana jin haidirojin sarai, kuma ana iya lissafa ƙarfinsa da ma'aunin tela. Matsalarsa ba ya girma: in ka ninka bakin biyu, tsawon sai ya ninka kusan huɗu. In babu tsohon dish a kusa, ƙaho zan zaɓa kafin ƙaramin farantin gefe.

In an je ɗauko tsohon

Raga ta fi rufaffen kwano a wannan aiki. Muddin ramukanta ba su kai kashi 1 cikin 10 na zango ba, wato santimita 2, igiyar haidirojin bango take gani. Na'urorin GMRT 30 masu mita 45 da ke kusa da Pune a Indiya duk raga ce, kana hango sama ta cikinsu. Rufaffen faranti mai mita 2.4, in iskar farkon damina mai gudun kilomita 100 a awa ta same shi gaba da gaba, ƙarfin da zai ture shi ya kusa kilo 300. Raga na rage wannan sosai, kuma ba ta tara hasken rana ta gasa kunne kamar kwano mai sheƙi.

Kafin a biya kuɗi, a ja zare biyu a gicciye daga baki zuwa baki. In sun taɓa juna a tsakiya, bakin bai murɗe ba. In akwai tazarar da ta wuce santimita 1, an taɓa kayar da shi, sai an daidaita haƙarƙarin. Lotsawar wuri ɗaya ba komai, murɗewar baki ce ke kashe faranti, domin ta shafi fili gaba ɗaya.

Injin juyawa ma ba dole ba ne a farko. A kafa shi yana kallon layin arewa da kudu, a bar duniya ta yi juyin: tana tafiya digiri 15 a awa, don haka kowane yanki na sama zai ɗauki wajen minti 24 yana ratsa digiri 6 ɗin da faranti ke gani. Kullum a ɗaga shi ko a sunkuyar da digiri 5, cikin makonni kaɗan an zana taswira.

Wuri ɗaya ne zan sauya shawara. In burin ya wuce haidirojin, ana son sauraron iskar metanol a gigahaz 6.7 kamar yadda ake yi a Kuntunse, zangon ya koma santimita 4 da rabi, kuskuren da za a iya jurewa ya sauko zuwa milimita 1 ko 2, kuma tsohuwar raga mai lotse-lotse ta fita daga lissafi. A nan sai rufaffen faranti mai kyan fuska, mita 3 ko fiye, kuma farantin gefe irin na tashoshin intanet na bankuna da ofisoshi ya shigo takara da ƙarfinsa, tunda a wannan zango ƙahon da yake bukata bai wuce girman kofin shayi ba.